Kafaɗar Elwin da Rufin Babana

Asabar ce ta biyu a watan Agusta. Gari ya waye da zafi mai naci, ba iskar da za ta kaɗa ko ganyen ayaba, teku ta kwanta shiru. Amma can saman duwatsun da ke bayan ƙauyenmu hadari ya riga ya taru, baƙi ƙirin, kuma duk wanda aka haifa a Morne Sabine ya san ruwa zai sauko kafin la'asar. Ranar ce muka sa za mu zuba rufin kankare na gidan babana, Osmond Laville.

Tun da babbar guguwa ta yaye kwanon gidajenmu ta watsa a teku, ba mai son rufin kwano kuma. Shekara biyu babana ya yi yana tara siminti da rodi. Shi kuwa rufin kankare ba a zuba rabi a bar rabi. In an fara sai an gama a yini ɗaya, in ba haka ba ya tsage a mahaɗa, ya yi ta yoyo har kan jikokinka. Don haka aka kira gayya, kudmen kamar yadda muke ce mata. Ƙa'idarta kowa ya sani. Ba a biyan kowa, ba a aiko wakili. Ka kawo jikinka ka ba da ranarka, mai gida ya cika maka ciki, ranar da naka aikin ya taso a zo maka.

Maza arba'in da 'yan kai suka hallara tun ƙarfe shida. Mata sun ɗora tukwane a gindin mangwaro, romon akuya da gwaza da ɗanyar ayaba da kifin gishiri, ga jarkar giyar rake an jingine a inuwa. Ni aka ba wa tsara layin bokitai, don ba abin da na iya a duniya kamar sa wasu aiki. Sunana Curvin. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Na yi kwandasta, na yi kamun kifi, na yi wata bakwai ina wanke kwanuka a jirgin 'yan yawon buɗe ido, na dawo. Ba inda na taɓa cika shekara.

Elwin ɗan Gwaggo Verna ne, ƙanwar babana. Na girme shi da wata uku. Muna da shekara tara wani malamin makaranta ya dawo daga Ingila da raket huɗu na buga tanis da raga ɗaya. Babana ya kira gayya, aka rushe tsohuwar rumfar ɗaure ayaba, aka zuba kankare, aka ja layuka da fentin kwalekwale. Har yau shi kaɗai ne filin tanis a wannan gefen tsibirin. Ni da Elwin a kansa muka taso, kuma har muka kai sha uku bai taɓa cin saiti biyu a jere a hannuna ba. Ranar da wata koci, Madam Solange, ta zo daga Guadeloupe neman yara, ni ina teku muna bin kifi. An gaya mini za ta zo. Na ce in dai mai wasa take nema za ta jira. Ba ta jira ba. Ta tafi da Elwin.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yawo da jaka ɗaya, daga ƙaramar gasa zuwa ƙaramar gasa, Guatemala, Santo Domingo, Tunisiya, garuruwan da ba mu san da su ba sai da rediyo ya ambace su. Ƙasarmu Dominika mutum dubu saba'in ce, ɗan tanis ɗinta ɗaya. In an je gasar ƙasashe shi ke buga wasan farko, shi ke buga na ƙarshe, shi ke jan wani likitan haƙori mai tumbi a wasan bibbiyu. Ya taso daga na ɗari tara a duniya ya zo na ɗari biyar, ya zo na ɗari biyu da arba'in da ɗaya. A wannan lambar ce ya sami gurbi a wasannin share fage na wata babbar gasa a Amurka, abin da ba ɗan tsibirin nan da ya taɓa samu. Saura kwana tara. Ya zo gida ne na kwana huɗu, ya sabunta fasfo ya ga uwarsa.

Ranar Juma'a da yamma muna zaune a bakin tsohon filin, awaki na kiwo a gefen raga, ya dafa kafaɗarsa ta dama.

"Akwai wani abu a nan ciki, Curvin," in ji shi. "Kamar zare ne ya fara saki. Likita ya ce in na lallaɓa za ta kai ni. Madam ta ce ko jakata kada in ɗaga sama da kaina sai an gama gasar."

"Sabis fa, bugun buɗe wasa? Ba sama da kai ake bugawa ba?"

"Shi kaɗai aka bar mini. Ƙidaya mini ma ake yi. Don Allah kada ka gaya wa kowa, kafin gobe rediyo ya ɗauka."

Na ce wa zan gaya wa. Kuma ban gaya wa kowa ba.

Da safen Asabar ɗin, wajen ƙarfe bakwai, an riga an tada injin kwaɓa siminti, sai ga shi ya zo da farin takalmi, da kiret ɗin lemo, da wasu ƙarti biyu daga ƙauyen gaba a bayansa. Ya je gaban babana ya cire hula.

"Kawu, barka da aiki. Ga mutum biyu na kawo, ƙarfafa ne, za su yi a madadina. Ni sai in riƙe tiyo ko in raba ruwan sha."

Wani ya kashe injin. Ban san wa ba. 

"A madadinka," in ji babana. Ya goge hannunsa a wando a hankali. "Biyansu ka yi?"

"Kawu, ba raini ba ne. Kocina ce ta..."

"Elwin, ranar da muka zuba maka filin can, wa ka ga ya aiko wani? Misye Placide ga shi nan, da kumburarriyar ƙafa ya zo. Marigayi ubanka da zazzaɓi ya zo, ya yi amai a gefe ya dawo ya ɗauki shebur." Ya juya ga ƙartin nan biyu. "Ku je ku ci abinci ku koma gida, 'ya'yana. Ba laifinku ba ne."

Daga nan bakin kowa ya buɗe.

"Ku ƙyale shi, hannun gwamnati ne!"

"A kawo wa Zakara kujera da lema!"

"Zakara, a can wa ke wanke maka baya? Ko shi ma wakili kake aikawa?"

"Ranar aurenka ma ka aiko wakili, ni ina nan, ba sai ka biya ni ba!"

Elwin ya yi ɗan murmushi, yana neman idona a cikin taron. Kalma uku za su ishe ni. In ce kafaɗarsa ba lafiya. Babana mutum ne mai taurin kai amma ba mugu ba ne, da ya miƙa masa tiyo an wuce wurin. Sai na ɗauki shebur na fara bugun bokiti da shi, na rera, don ni ke ba da waƙa a kowace gayya:

"Zakara ya zo gayya!"

Ba su ɓata lokaci ba suka samo amshi: "Hannu a aljihu!"

"Ya ci gwazarmu ya girma!"

"Hannu a aljihu!"

Har matan gindin mangwaro suka kama tafi. Gwaggo Verna ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta ajiye ludayi ta taho, tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya dab da ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba, amma ina kusa na ji.

"Bokiti goma kawai, ɗana."

"Mama, kin san abin da ke gabana."

"Na sani. Kai jibi za ka hau jirgi. Ni ce zan zauna da mutanen nan."

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya kwance agogonsa ya ba ta. Sannan ya zo wurina.

"Ina zan tsaya, Curvin?"

Layin bokitai wuri uku gare shi. Akwai na ƙasa, daga bakin inji zuwa gindin bango, inda bokiti ke wucewa hannu zuwa hannu daidai ƙugu. Akwai na saman rufi, masu juyewa da masu baza kankare. Sai mutum ɗaya a tsakiya, a kan dandamalin katako, wanda zai sunkuya ya karɓa daga ƙasa ya ɗaga sama da kansa ya miƙa. Duk bokitin da zai hau rufin nan sai ya bi ta hannun wannan mutumin.

"Kai ne dogo," na ce. "Hau dandamali."

"Curvin."

"Tiyo na Misye Placide ne, tsoho ne. Za ka ƙwace wa tsoho aikinsa? Goma ne fa. Ba haka Gwaggo ta ce ba?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya hau. Aka yi masa shewa.

Aka sake tada inji, ni kuma na koma bakinsa. Ƙa'ida bokiti ba ya wuce kashi uku cikin huɗu, don kada ya zube a hanya, don kuma a tausaya wa na dandamali. Na ce wa masu shebur su cika shi har baki, hadari na tahowa.

Na ƙirga masa goman. Ya ɗaga su da kyau, yana jingina nauyin a hagu, har wani ya ce ashe Zakara namiji ne. A na goma sha ɗaya ya leƙo ƙasa yana neman wanda zai canje shi. Daidai nan aka yi tsawa a kan dutse, iska mai sanyi ta taso ta kwashe buhunan siminti da babu komai a ciki.

"Kada wanda ya bar wurinsa!" in ji babana daga saman rufi. "Ruwan nan in ya same mu a rabi, na shiga uku! Curvin, ƙara wuta!"

Na ƙara. Na sauya waƙa zuwa mai sauri, bokitai suka riƙa tafiya kamar ana korarsu. Wanda bai taɓa tsayawa a layin gayya ba ba zai gane ba. In ka tsaya, mutum arba'in sun tsaya, kowa da nauyi a hannu, kowa yana kallonka. Ba ka da lokacin da za ka ce wayyo, kafin ka buɗe baki wani bokitin ya iso gwiwarka. Farin takalmin nan ya koma toka. Na ga lokacin da ya daina iya jingina nauyin a hagu, don hagun ta gaji. Na ga yadda yake cije leɓe duk ɗagawa. Sau biyu ya kira sunana. Ƙarar inji ta ba ni uzuri.

A ɗari da sittin na daina ƙirga.

Wajen ƙarfe ɗaya abin ya faru, kuma ba wata ƙara da aka ji. Bokiti ya kai saman kansa, sai hannun dama ya sauko shi kaɗai kamar ba nasa ba. Kankaren ya juye masa a ka, bokitin ya faɗo ƙasa ya fashe. Ya zauna daɓas a kan dandamali, toka tun daga gashi har ƙirji, ido biyu kawai ke motsi.

"Kai jama'a!" wani ya ce. "Gwamnati ta huta, mun yi masa mutum-mutumi tun yana raye!"

Dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi. Aka sauko da shi, wani ya haye wurinsa, layin bai tsaya ko minti ɗaya ba.

Misye Placide ya wanke masa fuska da tiyo. Shi ne mai ɗorin ƙauyenmu, kuma tun safe yake zagayen jarkar giyar nan. Ya latsa kafaɗar da babban yatsa, Elwin ya yi ƙara.

"Gocewa ce kawai," in ji tsohon. "Na mayar da ta bijimi ma, balle ta ɗan Verna."

"A'a, Misye. Ba gocewa ba ce. Ku kai ni asibitin Roseau. Mama, kira Madam Solange, lambar na cikin wayata."

"Da wace mota?" in ji wani. "Ɗaya ce, kuma yashi take ɗebowa."

"Kai dai ka zama ɗan gari yau," in ji Misye Placide. "Likitocin Turawa yanka suka iya. Verna, kawo kyandir da man ganye. Ku huɗu, ku zo ku danne mini shi."

Na bar bakin inji na zo. Ni na riƙe ƙafafunsa. Tsohon ya shafa mai, ya sa tafin ƙafa a hammatarsa, ya kama wuyan hannun da hannu biyu ya fizga. Elwin ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan adam ya yi ba. Ƙafafunsa suka yi ta harbi a ƙirjina.

"Ba ta shiga ba," in ji Misye Placide. "Ku riƙe da kyau."

Ya sake fizga. Daga baya likitan Guadeloupe ya gaya wa Gwaggo cewa bokitin rabin jijiya ɗaya ya yaga, abin da wata huɗu za su gyara. Fizgar ce ta ƙarasa ta, ta tafi da ta biyu.

Ƙarfe uku saura minti goma aka juye bokitin ƙarshe. Muna gama shimfiɗa leda ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Maza suka yi ta rawa a cikinsa tsirara daga ƙugu zuwa sama, babana ya rungume ni a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. Aka ci romon akuya har aka sha na ƙasan tukunya. Elwin na kwance a benci a gindin mangwaro, an ɗaure masa hannu da ɗankwalin uwarsa. Wani ya kai masa kwano. Bai iya riƙe cokali ba.

Madam Solange ta ce ya janye daga gasar. Amma rediyo ya riga ya yi mako yana shela, an kai masa tuta har filin jirgi, yara 'yan makaranta sun yi masa waƙa. Ya sa aka yi masa allura ya shiga. Ranar wasan mu kuma muka cika shagon Ma Titine, aka haɗa waya da talabijin, har da masu leƙe ta taga.

Sabis ɗinsa na farko bai kai raga ba. Na biyu ma haka. Daga wasa na uku ya koma buga sabis ta ƙasa, kamar yadda muke yi muna 'yan shekara tara. Abokin karawarsa, wani dogon yaro ɗan Poland, har kunya ta kama shi, ya daina murna in ya ci. Aka cinye shi saiti biyu, shida da babu, shida da ɗaya. Minti arba'in da takwas.

"Wannan shi ne Zakaran?" in ji Ma Titine. "Don wannan na kashe firjina na ba ku wuta?"

"Turawa ya gani gwiwarsa ta yi sanyi."

"Ai ko Curvin aka tura zai ci fiye da ɗaya."

Wannan maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk shagon ba wanda ya ambaci bokiti, sai babana da muka fito. Ya girgiza kai ya ce, "Yaron da rabin yini a gayya ya kayar da shi, ina zai iya da duniya?"

Sau biyu aka yi masa aiki a kafaɗar. Ya yi shekara biyu yana ƙoƙarin komawa, yana bin ƙananan gasar da ya baro tun yana sha tara, yara suna fitar da shi a zagayen farko. Lambarsa ta koma ɗari shida, ta koma dubu da ɗari ɗaya, rannan aka duba ba sunansa. Rediyo ya daina ambatonsa tun kafin nan. Ya dawo gida ya kama aiki a wani otal, yana jefa wa baƙi ƙwallo ta ƙasa suna bugawa cikin daji. Ni a tsakanin nan na je Antigua na yi gadi, na je Saint Martin na yi fenti, na dawo. Wata Lahadi na ja shi tsohon filinmu, na ce mu ɗan motsa jini. Na ci shi saiti biyu a jere. Kafin magariba duk ƙauyen sun ji, don ni na bi na faɗa.

Bana Gwaggo Verna ta gama tara simintinta, aka kira gayya a gidansu. Mutum hamsin suka zo, har daga ƙauyen gaba, ba a taɓa ganin irinta ba. Babana ya dafa Elwin a kafaɗar nan, yana nuna masa taron da hannu.

"Ka gani, ɗana? Da ba ka ba da ranarka ba, wa zai zo maka yau?"

"Haka ne, Kawu," in ji Elwin.

Ni aka sake ba wa layin bokitai. Ya zo wurina, hannun dama na rataye a gefensa, wanda har yau ba ya wuce tsayin kunnensa.

"Ina zan tsaya, Curvin?"

Misye Placide ya rasu bara. Na ɗauki tiyo na miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya juya shi yana dubawa.

"Ka tuna abin da na gaya maka ranar Juma'ar nan, a bakin fili?"

"Na tuna."

"Da safen ma kana tune?"

"Ina tune."

"To," in ji shi. "Dama so nake in tabbata ba mantuwa ka yi ba."

Ya buɗe ruwa ya fara jiƙa katako. Aka tada inji, aka ce Curvin ba da waƙa, na ba da. Tun daga ranar in mun haɗu a hanya yana gaishe ni kamar yadda yake gaida direban bas. Jibi zan hau jirgin ruwa zuwa Martinique, an ce ana neman masu sauke kaya.

Rufin babana bai taɓa yoyo ba, ko ɗigo. Abin da aka rasa kuwa ga shi. Jijiya biyu a kafaɗar dama. Gasa ɗaya a Amurka, cikin minti arba'in da takwas. Shekara goma sha ɗaya na yawo da jaka, da biyu na wahalar banza a bayansu. Lamba ta ɗari biyu da arba'in da ɗaya a duniya. Ɗan tanis ɗaya, a ƙasar da ɗaya gare ta. Ɗan gwaggo ɗaya. Farin takalmi, hagu da dama. Da bokiti ɗaya baƙi na Ma Titine, wanda har yau in ta gan ni sai ta yi cigiyarsa.